Ƙarfe Ɗaya da Rabi

Su uku ne a gidan, kuma kowannensu da abin da ya rasa.

Akwai Baba, tsohon ɗan dako da ya yi shekara talatin yana ɗaukar buhu a babban siton da ke bayan layinsu, har bayansa ya ranƙwafa. Shi ɗansa ya rasa. Akwai 'yarsa, wadda shi yake kira Auta, mutanen layi kuma suke kira Tela saboda ɗan shagon ɗinkinta na bakin titi. Ita yayanta ta rasa, kuma tun daga ranar ba a cika jin dariyarta ba. Sai jikar Baba, 'yar marigayin, yarinya 'yar shekara bakwai. Mahaifiyarta ta yi wani aure a gari mai nisa, sai dai gaisuwa ta waya.

Yarinyar ba ta iya yin minti goma ba ta tambayi ƙarfe nawa ba, shi ya sa kakanta ya laƙaba mata Agogo. Abin yana da tushe. Ranar da mahaifinta ya rasu, shekara uku da suka wuce, shi ne zai ɗauko ta daga makaranta da ƙarfe ɗaya da rabi. Ta tsaya a bakin get da jakarta a baya har yara suka watse, malamai suka tafi, ya rage daga ita sai mai gadi. Sai bayan la'asar aka tuna da ita.

A siton nan ya rasu. Akwai wata 'yar mota da ake aiki da ita a ciki, gajeriya mai nauyin gaske, da ƙarafa biyu a gabanta kamar yatsun cokali. Takan zura yatsun a ƙarƙashin katakon da aka jera kaya a kai, ta ɗaga abin da ƙarti ashirin ba za su iya motsawa ba. Ma'aikata suna ce mata foklif. Wani direba ne ya ɗauko kaya masu tsawo da suka tare masa gani, ya shawo kwana bai ga mutum ba. Ya taka burki a makare, kayan suka zubo a kan mahaifin Agogo.

Daga ranar kalmar foklif ta fita daga gidan. In dole ta kama, Baba sai ya ce "waccan abar". Agogo ba ta ma san sunanta ba. Kukanta kawai ta sani, wannan ƙi-ƙi-ƙi da take yi in tana ribas, wanda iska kan kawo har cikin shago. Ba wanda ya yi mata bayani, amma ta lura duk lokacin da aka ji shi gwaggonta takan tsayar da keken ɗinki. Sai ita ma ta riƙa toshe kunnuwa.

Wata Talata da hantsi wani dogon saurayi ya yi sallama a ƙofar shagon da leda a hannu. Ya ciro rigar aiki mai launin ruwan lemo, irin mai ƙyalli da ma'aikatan sito ke sawa. Irinta ce a jikin yayanta ranar da ya rasu.

"Ba na ɗinka irin wannan," Tela ta ce, ba ta ɗago ba.

"Aljihu ne kawai ya yage, ranki ya daɗe."

"Na gani. Akwai tela a gaba."

Bai yi gardama ba. Ya shimfiɗa rigar a bakin teburinta yana ninkewa, gefe da gefe, hannu da hannu, kamar mai ninke tuta. Ya daɗe yana yi har sai da ta ɗago ta dube shi.

"Kai haka kake yin komai?"

"Shi ya sa a wurin aiki suke ce mini Sannu-sannu."

"To, sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ga shi har yanzu ban kai wurin telan gaba ba."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, gajeriya, har ita kanta ta ji baƙon sautin. Ta miƙa hannu ta karɓi rigar.

Tana cikin ɗinki ta ce, "Wane aiki kake yi a can?"

"Foklif nake tuƙawa."

Keken ya tsaya. Sannan ta ƙarasa aljihun ta datse zare.

"Kar ka sake faɗin sunan nan a shagon nan."

"To," ya ce. Bai tambayi dalili ba.

Bayan kwana uku ya dawo, wai maɓallin rigarsa ya cire. Ta duba wurin ta ga zaren a yanke yake tas.

"Malam, wannan maɓallin da reza ya faɗi?"

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. "Shi ma so yake ya ga tela."

A zuwansa na uku ta janye wani yadi daga jikin bango, hoton yayanta ya bayyana a bayansa. Sannu-sannu ya dubi hoton, fuskarsa ta canza. Ya san fuskar nan. Ta ɗauka zafi ne ya dame shi, ta ba shi ruwa. Ya sha ya yi godiya ya tafi, bai ce komai ba. Ya yi mako guda bai zo ba. Da ya dawo kuma, bai ce komai ɗin ba.

Da Agogo aka fi saurin sabawa. Ranar da ta fara ganinsa, agogon hannunsa ta fara gani.

"Ƙarfe nawa?"

"Zo ki duba da kanki."

"Ban iya ba."

Ya samo murfin kwali ya zana mata da'ira, ya yanka hannuwa biyu, dogo da gajere, gwaggonta ta ɗinke su a tsakiya da maɓalli. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya ƙara mata darasi ɗaya. Yau awa, gobe rabi, jibi kwata. Ba ya hanzarta ta. In ta yi kuskure sai ya ce, "Mu sake, ai ba kora ake yi ba." Kafin wata biyu ta iya, ta kuma sa masa suna Kawu Sannu.

Shi kuma yana da wata al'ada a wurin aiki da ta riga saninsa da su. Kullum ƙarfe ɗaya da rabi yakan tsayar da motarsa, ya sauke yatsunta har ƙasa, ya zauna shiru na minti ɗaya. Abokan aiki suna yi masa tsiya, suna cewa shi kaɗai ne direban da motarsa ke yin gyangyaɗi. Da ya samu lambar Tela, sai minti ɗayan nan ya zama lokacin saƙo.

"An ɗauko Agogo?"

"An ɗauko ta. Ga ta nan tana cinye mini alli."

Washegari ma haka. Wata rana ta rubuta masa:

"Kai kullum Agogo, Agogo. Gwaggonta fa, ba a tambayar lafiyarta?"

Ya amsa:

"Allurata, ai zare ba ya tambayar inda allura ta nufa, binta kawai yake yi. Ina tambayar Agogo ne don na san in hankalinta ya kwanta naki ma ya kwanta. Kin ci abinci?"

Ta karanta sau uku, ta kife wayar a kan yadi tana murmushi. Daga baya ta rubuta:

"Na ci. Ka kula da kanka a can, Sannuna. Ka riƙa duba bayanka."

"Kullum ina dubawa."

Da maganar ta yi ƙarfi, ta sanar da Baba akwai wanda yake son zuwa gaishe shi.

"Me yake yi?"

"Direba ne, Baba."

Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma faɗi gaskiya duka ba. Ta roƙi Sannu-sannu ya bar mata sauran, za ta faɗa a hankali in ta ga fuska. Ya zo ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya yaba da natsuwarsa. Ya dubi jikarsa da ta manne da baƙon ya ce, "Amaryata, kin ga saurayi kin yar da ni ke nan?"

"Kai ai ka tsufa, Kaka. Ko agogo ba ka da shi."

Aka yi dariya a tsakar gidan, irin wadda aka daɗe ba a yi ba.

To, akwai shugaban sito, wanda ma'aikata ke kira Oga. Ya fi shekara yana kawo wa Tela ɗinkin da ba ya bukata, tana karɓa da ladabi tana mayar masa da ladabi, ba ƙari. Da ya ji labarin wanda ya riga shi samun zuciyarta, sai ya zo gaida Baba da ledar lemo. Bayan gaisuwa ya gyara zama.

"Baba, ba don in ɓata wani ba. Amma yaron da ke zuwa gidan nan, waccan motar yake tuƙawa. Kuma ranar da abin ya faru mutum ɗaya aka kora, amma su biyu ne a wurin. Da idona na gan shi a kanta, yatsunta a ƙarƙashin kayan."

Bayan baƙon ya tafi Baba ya kira Auta ya maimaita mata, kalma da kalma, muryarsa ba ta ko tashi ba. Da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi.

Da yamma Sannu-sannu ya zo shago. Ta tura Agogo gida. Ta tsaya tsakaninsa da hoton.

"Ranar da yayana ya rasu, kana wurin?"

"Ina wurin."

"Ka hau motar?"

"Na hau, amma ki bari in..."

"Wata biyar." "Wata biyar kana zama a kujerar nan, hotonsa na kallonka, 'yarsa na kan cinyarka. Ni na ɓoye wa Baba aikinka, na ɗauki wannan laifin. Kai me ka ɓoye mini?"

Ya ja da baya har waje. Ta jawo ƙofar shagon ta rufe, ya ji ta sa sakata.

Washegari ƙarfe ɗaya da rabi saƙonsa ya shigo: "An ɗauko Agogo?" Ba amsa. Jibi ma haka. A rana ta huɗu ya rubuta:

"Na yi shiru sau biyu a rayuwata a inda ya kamata in yi magana. Na farko ya ci rai. Na biyu ga shi yana raba ni da ke. Ranar Asabar zan zo in faɗa wa Baba komai. Ko ba za ki yafe mini ba, ki tsaya inda za ki ji."

Ranar Asabar da safe ya tarar da Baba a kan benci a ƙofar gida. Ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa. Auta na bayan ƙofa, hannunta a kan ƙirji.

"Baba, a lokacin ina koyon aiki ne, sati na uku. Abu na farko da aka koya mini shi ne, in kaya sun fi idonka tsawo ba a tafiya gaba. Da baya ake tafiya, kana waiwaye, kana danna hon a kowace kwana. Ranar na ga babban direba ya ɗauko kaya sun rufe masa fuska, ya kama gaba don yana sauri. Na gani. Na san ba daidai ba ne. Amma ya girme ni a aiki, na ji nauyin in ɗaga masa murya a gaban mutane. Na ce bari ya sha kwana in gaya masa a hankali."

Ya ci gaba.

"Da kayan suka zubo, direban ya diro ya gudu. Mutane suka taru suna ja da hannu, abin ko motsi. Akwai wata motar a gefe. Ban taɓa ɗaga kaya na gaske ba, sai katako wanda ba komai a kai. Na hau. Na zura yatsun na ɗaga, aka jawo shi. Wannan ne Oga ya gani. Bai yi ƙarya ba, na hau ta."

Baba yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Shekara uku ina son in tambayi wani abu, ban samu wanda zan tambaya ba. Ya yi magana?"

"Ya yi, Baba. Kansa na kan cinyata kafin mota ta zo."

"Me ya ce?"

"Ya ce, ƙarfe nawa? Na ce ɗaya da kwata. Ya ce, ɗaya da rabi ake tashinsu, wa zai ɗauko ta? Ya maimaita sau biyu. Daga nan sai salati." Hawaye suka zubo masa. "Ban san wace ce ba, Baba. Ban san wace makaranta ba. Aka tafi da shi, aka ce kowa ya koma bakin aiki. Na yi ta tambaya ba wanda ya saurari ɗan koyo. Sai ranar da na ga hotonsa a shago na gane ita ce."

A bayan ƙofa Auta ta zame ta zauna a ƙasa, ta cusa gefen mayafinta a baki.

Baba ya share fuska da hannun riga. Sannan ya yi magana.

"Allah ya saka maka da ɗaga masa nauyin da ka yi. Ban ce ka kashe shi ba. Amma ka tashi ka tafi, yaro. Na ba siton nan bayana, na ba shi ɗana. Ba zan ba shi 'yata ba, ta zauna kullum tana wanke rigar nan tana sauraron ko za a bugo waya."

Sannu-sannu ya ce, "Na ji, Baba." Ya sa takalminsa ya tafi.

Auta ba ta yi wa mahaifinta musu ba. Saƙo ɗaya ta tura: "Na ji komai. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini. Amma Baba ya yi magana." Daga nan ta yi shiru. Shi kuwa bai fasa tambayarsa ta ɗaya da rabi ba, ko da yake ba amsa. Ta rame. Oga ya kawo ɗinki sau biyu, ta ce masa keken ya lalace. Agogo ta riƙa yawo da agogonta na kwali, kullum da yamma ta saita shi a lokacin da Kawu Sannu ya saba zuwa, ta zauna a bakin shago.

"Gwaggo, shi ma an manta da shi ne a wani wuri?"

"A'a, uwata."

"To me ya sa bai zo ba?"

Gwaggo ta ce zare ya ƙare, ta shige ciki.

Haka aka yi wata guda. Ran nan da tsakar rana Baba ya tashi zai shiga ɗaki, jiri ya kwashe shi ya faɗi. Auta ta samo mota suka nufi asibiti, can ɗaya gefen gari. Aka ce jininsa ne ya hau, aka shiga da shi. Tana tsaye a baranda ta dubi waya. Ƙarfe ɗaya da minti biyar. Ta kira maƙwabciya, waya a kashe. Ta kira wata, ta tafi unguwa. Ko yanzu ta tashi ba za ta kai makarantar ba kafin biyu da rabi, kuma wa za ta bar wa Baba?

Ta rubuta wa Sannu-sannu:

"Baba na asibiti, ina tare da shi. Ɗaya da rabi ake tashinsu. Ba wanda zai ɗauko ta."

Amsar ta zo nan take: "Akwai."

Saƙon ya same shi da kaya a sama, tirela biyu na jiran lodi. Ya ajiye kayan a mazauninsu. Ya kai motar gefe, ya sauke yatsunta har suka kwanta a ƙasa don kada wani ya yi tuntuɓe, ya ja burkin hannu, ya zare makulli ya rataye. Oga ya taso.

"Ina za ka? Ba ka ga motoci na jira ba?"

"Zan ɗauko yarinya daga makaranta."

"In ka fita get ɗin nan, kar ka dawo."

"To, Oga."

Masu gadi sun daɗe suna ba da labarin, domin ranar ce kaɗai aka taɓa ganin Sannu-sannu yana gudu.

Auta ta kira malamar ajin ta gaya mata wanda zai zo. Da aka kaɗa ƙararrawa, Agogo ta fito tana waige-waige kamar yadda ta saba, idonta na neman gwaggonta. Sai ta gan shi a jikin get, yana haki, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ta zo ta kama hannunsa ta juya agogon ta duba.

"Ɗaya da rabi daidai."

"Tun saura minti uku nake nan."

"Ina Gwaggo?"

Ya tsuguna har idonsu ya daidaita. Ya riga ya koyi abin da shiru ke jawowa. "Kakanki ba shi da lafiya, Gwaggo ta kai shi asibiti. Likita na duba shi. Ba a manta da ke ba, ita ta aiko ni. Yanzu can za mu."

Ta dube shi sosai, sannan ta miƙa masa jakarta.

A asibiti Baba ya farfaɗo wajen ƙarfe biyu. Ya ga ana masa ƙarin ruwa a hannu, ya ga Auta a gefe. Ya yunƙura zai tashi.

"Ƙarfe nawa? Yarinyar nan, wa zai..."

Bai ƙarasa ba aka turo ƙofa. Agogo ta shigo da gudu ta faɗa jikinsa. A bayanta dogon saurayin ya tsaya a bakin ƙofa da 'yar jakar makaranta a kafaɗa, bai shigo ba. Baba ya dube shi, ya dubi jakar, sai ya juyar da fuska bango. Kafaɗunsa suna motsi.

"Kaka, kuka kake yi?"

"Maganin nan ne mai yaji, amaryata."

Aikin ya tafi kamar yadda Oga ya faɗa. Bayan sati uku Sannu-sannu ya samu wani a wani ƙaramin sito na masu sayar da tayil. Baba ya warware, yana takawa da sanda. Bai ta da maganar ba, Auta ma ba ta tayar ba. Sai wata Asabar da safe ya sa hularsa ya ce, "Auta, kai ni in ga aikin yaron nan. Ki taho da amaryata."

Mai siton ya tsayar da su a bayan wani layi mai ruwan ɗorawa da aka shata a ƙasa. Sannu-sannu bai san sun zo ba. Suna kallo ya zura yatsun a ƙarƙashin kaya masu tsawo, ya ɗaga su kaɗan, tazarar taƙi ɗaya daga ƙasa. Kayan sun rufe masa gaba. Sai ya juya kafaɗa, ya dafa bayan kujera, ya kama tafiya da baya. A kwanar farko ya tsaya ya danna hon, ko da yake ba kowa. A ta biyu ma haka. Baba, wanda ya yi shekara talatin a irin wurin nan, yana gyaɗa kai a hankali.

Agogo kuwa ta toshe kunnuwa ta runtse ido, domin ƙi-ƙi-ƙi ɗin ya cika wurin.

Da ya hango su ya ajiye kayan, ya sauke yatsu, ya kashe mota ya zo. Ya gaida Baba, sannan ya tsuguna gaban yarinyar ya janye hannuwanta a hankali.

"Kin san me take cewa in tana wannan kukan?"

Ta girgiza kai.

"Cewa take, ga ni nan tafe, a ba ni hanya. Duk lokacin da kika ji shi, direban yana tafiya da baya ne yana kallon inda za shi. Ba kukan tsoro ba ne. In an ji shi, an tsira."

Ta leƙa motar ta bayan kafaɗarsa. "Yaya sunanta?"

Ya dubi Auta. Auta ta dubi ƙasa. Sai Baba ya gyara riƙon sandarsa.

"Foklif sunanta," ya ce. Kalmar ta fito masa da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara uku a kulle. "Foklif. Da harshen waɗanda suka ƙera ta, cokali mai yatsu ke nan da yake ɗaga kaya. Ƙarfe ce kawai, amaryata. Kayan da ta ɗauko ne suka danne babanki, 'yar'uwarta kuma ta ɗaga masa. Ya danganta da wanda ke kai."

Ya juya ga saurayin. "Tsoron da nake ji bai tafi ba, kar in yi maka ƙarya. Amma na ga yadda kake waiwaye. Ka turo manyanka."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Da yamma saƙonta ya shigo wayarsa:

"Sannuna, an daɗe ba a je ba, amma an je."

Ya amsa: "Allurata, ki ja, ina biye."

Biki ne ƙarami, dangi da maƙwabta da abokan aikinsa na tsohon sito, waɗanda suka zo suna rantsuwa ango zai makara. Amarya ita ta ɗinka kayanta, ta ɗinka na Agogo da ragowar yadin. Ta kuma karɓi rigar aikinsa ta sake mata sabon ƙyalli, layi biyu gaba da baya, don a hango shi daga nesa. Da aka tambayi Baba lokacin ɗaurin aure, ya ce ƙarfe ɗaya da rabi.

"Lokacin nan ya ɗaukar mana mutum," ya ce. "Bari ya kawo mana wani."

Bayan an ɗaura, ango da amarya suka durƙusa a gabansa. Ya dafa kansu ya ce, "Allah ya jiƙan wanda ba ya nan. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Kai kuma, Allah ya dawo mata da kai gida kullum da ƙafafunka." Aka shafa, ana share ido.

Kujerar marigayin ba ta cika ba, kuma ba wanda ya ce ta cika. Baba yakan yi shiru wani lokaci in iska ta kawo kukan daga sito. Amma Agogo ta daina toshe kunne, a hankali kuma ta rage tambayar lokaci. Kawu Sannu ya shirya da mai siton tayil ya mayar da hutunsa na rana ƙarfe ɗaya, don ya riƙa ɗauko ta.

Wata rana Gwaggo ta gaya mata maganar babanta ta ƙarshe. Abin da yarinyar ta gane shi ne, babanta bai manta da ita ba ranar nan. Ya tambayi wanda zai ɗauko ta, kuma wanda ya tambaya ɗin ya zo.